Barkonon Bayan Madafa

Sigatoka, Fiji

Zuwa ga 'yata Litiana,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ban da barkono. Funfuna ta cinye gonar kaf, yanzu baƙin tabo nake nomawa, kuma ya yi albarka. Duk littattafan da na koyar kafin in yi ritaya, babu wanda ya faɗi yadda ake lallashin barkono ya daina ruɓewa. Gindi ɗaya ya tsira, wanda marigayiya kakarki ta dasa a bayan madafa, kore shar kamar bai ji labari ba. Ke da ake biyanki don leƙen ganye, me ya sani wanda sauran ba su sani ba?

Kawunki,
Isikeli

Brisbane

Kawu,

Ina gaishe ku, kai da Inna Salanieta. Ai wannan ne aikina! Ganyen wani barkonon yana da ƙananan sinadarai masu huda jikin funfuna su kashe ta. In na Kaka yana da su, da irinsa za a sake tayar da gonar. Ina son ganyensa, amma bari in nemi takardar izinin shigo da shi.

'Yarka,
Litiana

Litiana 'yar boko,

Bayan gaisuwa, takardar me? Kowa a kwarin nan ya san masu binciken jaka na ƙasarku: ɗanye su ƙona, dafaffe su bari ya wuce. Fastonmu zai zo garinku Asabar, ta hannunsa zan aiko miki. Na tsinke ganyen tas, kada ilimi ya ce mun yi masa rowa. Innarki ta dafa shi da madarar kwakwa da albasa, ta zuba a roba ta daskarar. Ta ce ki ɗanɗana, ko gishiri ya ji.

Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Robar ta iso, ba wanda ya tare ta. Wuta ta lalata abin da nake nema. Na gwada miyar a kan funfunar, cin ta ma take yi. Ɗanye na so, 'yan kaɗan kawai. Kada ka ƙara taɓa shi, ka bari ya yi 'ya'ya mu sami iri. Don Allah, yaya gindin yake?

Litiana

'Yata,

Mun amsa gaisuwa. Ya bushe ranar Talata, 'ya'yan ba su kai ga nuna ba. Innarki ta daina bi ta bayan madafa. Zan sa rogo a gonar.

Sauran miyar kada ki zubar. Ki ɗumama ki ci, ita ce ta ƙarshe.

Allah ya yi miki albarka.
Isikeli