Rasuwar Saje Ɗahiru Atiku Dodoru, Mai Ɗaurin Kayan Jirgin Soja

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Gwandu da Kalgo ta samu labarin rasuwar ɗan uwanta kuma dattijonta, Alhaji Saje Ɗahiru Atiku Dodoru, mai ritaya, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Gwandu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba, aka kuma yi masa sutura bayan sallar azahar.

Marigayin ya shiga sojan sama yana saurayi, kuma tun lokacin da aka kawo manyan jiragen nan masu inji huɗu aka tura shi rundunar jiragen jigila, wato masu ɗaukar dakaru da abinci da motoci zuwa inda aka tura su, bai kuwa bar ta ba sai da ya ajiye kaki. Da shi aka yi jigilar Chadi, da shi aka fara ta Laberiya. Aikinsa shi ne ya auna duk abin da zai shiga cikin jirgi, ya faɗi inda za a ajiye shi, ya ɗaure shi da sarƙa, sannan ya bi ɗauri ɗaya bayan ɗaya yana jijjigawa da hannunsa, domin kaya in ya gusa a sama, jirgi ba ya da gefen hanyar da zai tsaya a gyara. Matuƙi, komai girman muƙaminsa, ba ya tashi sai wanga bawan Allah ya ce masa an gama.

A wata tafiya ta Laberiya, bayan an cika jirgi da dakaru, wani babban hafsa ya zo da injin wuta ya ce a ƙara. Marigayin ya ce sikeli bai yarda ba. Hafsan ya yi tsawa, shi kuwa ya je ya zauna a bakin ƙofar kaya, ya ce ko dai a ɗauke shi daga nan ko a bar injin a ƙasa. Aka bar injin, jirgi ya je lafiya, da aka dawo aka kulle marigayin mako guda a gadirum, aka kuma jinkirta masa ƙarin girma. Har ya bar aiki babu wanda ya kira shi ya ce ya yi daidai. Mutum uku daga Kalgo suna cikin jirgin nan, kuma ranar Talata su ukun suna cikin masu ɗaukar makararsa. Direbobin tashar Gwandu ma sun san halinsa, don in suka hango shi tafe da sandarsa, sai su fara sauke buhunan gero daga saman mota tun bai iso ba.

Akwai maganar da ya wajaba ƙungiya ta fito da ita a wagga sanarwa. Yayan marigayin, Alhaji Mamman Atiku, mutum mai daraja a wurinmu, ya nemi a rubuta cewa ƙanensa matuƙin jirgi ne, kamar yadda Dodoru da Masama da Gwandu suka sani shekara ashirin. Muna ba shi haƙuri, ba za mu rubuta ba. Asalin abin, ranar da marigayin ya fara zuwa hutu ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Dije, Allah Ya jiƙanta, cewa a cikin jirgi yake aiki, kafin la'asar gari ya ɗauka ɗan Dije ne ke tuƙawa. Daga nan duk jirgin da ya gifta saman Dodoru sai tsohuwa ta fito tsakar gida ta ɗaga masa hannu, ta ce yaro ya biyo ya gaishe ta. Bai iya ƙwace mata wannan ba. Bayan ta rasu kuma kunya ta hana shi gyara zancen da ya daɗe haka. Amma bara, a zaman ƙungiya, gaban mutum goma sha ɗaya, ya ce abin yana damunsa, bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, kuma ba ya son a yi masa addu'a da aikin da ba nasa ba. Ya ɗora mana nauyin faɗa in ya riga mu. Ya riga mu, mun kuwa faɗa.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Hajiya Kubura, da 'ya'yansa Lukuman da Salamatu, da Alhaji Mamman, da dukan dangi da al'ummar Dodoru, tana roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi. Tana kuma roƙon su kada su ga an rage wa mahaifinsu komai, domin mu da muka hau irin waɗannan jirage mun san a hannun wa rayukanmu suke, bayan na Allah.

Za a yi addu'ar bakwai ranar Litinin da safe a ƙofar gidansa. Muna roƙon liman da masu sanarwa, in sun zo ambatonsa, su ce Saje Ɗahiru mai ɗaurin kaya, domin shi muka binne.

Kofur Bawa Hamidu Kalgo, mai ritaya,
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Gwandu da Kalgo,
Jihar Kebbi.
Maris, 1996.