Abin da Lovre Ya Tarar a Ƙarƙashin Sanda

Komiža, ranar Laraba

Zuwa ga Vicko, tsohona, angona mai furfura, inuwar zaituna a tsakiyar rani, gishirin miyata, tauraron da nake saita hanya da shi, ɓarawona.

Na san ka tsaya a kalmar ƙarshe kana gyara tabarau. Ci gaba da karatu, za mu zo wurin.

Kwana tara ke nan da ka tafi birnin Split wai neman famfon inji, kuma ɗan ɗakin jirgin ruwan nan namu da muke gogar kafaɗa a ciki ya zame mini fili fetal. Wa zai yi mini minshari har igiyoyi su amsa? Wa zai zagi inji da safe, da yamma ya koma yana shafa shi kamar jika? Har yanzu kofi biyu nake dafawa, in shanye nawa, in shanye naka, in kwana ido biyu saboda kai.

Dubravka ta yi mini waya. 'Yar nan taka ba ta iya riƙe magana, ni ta gado. Ta ce ba famfo kaɗai kake nema ba, hotunan jirginmu Lastavica kake nuna wa dillali, wai ta tsufa, ta cinye fanshonmu, bara fenti, bana inji, ga gindin doguwar sandar da ke ɗauke da filafilan tare iska ya ruɓe. Gaskiyarka, ba ta taɓa barin aljihunmu ya yi ƙiba ba. To ni ma gwiwata tana ƙara, haƙorana uku na kanti ne. Yaushe za ka kai wa dillalin hotona?

Ka tuna makon aurenmu, ranar da aka kafa mata sandar nan? Ranar ce ɗan kunnena na zinariya, gadon kakata, ya ɓace, ya bar mini ɗan'uwansa shi kaɗai. Na kwance katifa, na tankaɗe toka, na yi kuka har idona ya kumbura. Kai kuma ka tuɓe riga, ka nutsa cikin ruwan tashar nan sau uku a watan sanyi kana nema mini, ka fito leɓe shuɗi. Matan gari suka ce ba a taɓa yin miji irinka ba. Ni ma da bakina na faɗa, har a gaban jikokinmu.

Shekaranjiya Lovre kafinta ya ɗaga sandar zai yanke ruɓaɓɓen wurin. Ya zura yatsa cikin ramin da gindinta ke zama yana laluben tsabar azurfar da kowane mai jirgi ke sawa a ƙasa don sa'a. Ya daɗe yana lalube, sannan ya ce, “Inna Jerka, mijin nan naki ko matsiyaci ne ko mahaukaci.” Ya miƙo mini ɗan kunnena.

Haba, Vicko. Ashe ba ka da azurfa ranar, shi ne ka lallaɓa ka ɗauka. Ashe sanyin nan duka ka sha shi ne kana sane ba abin da ke ƙasan ruwa sai yashi. Shekara arba'in da shida ina shanya wanki a kan abin da nake nema! Na yi dariya har Lovre ya kawo mini kujera, daga baya kuma na koma ɗaki na yi ɗaya abin, wanda ba na yi a gaban mutane. Wane namiji ne zai ɗora jirginsa da ransa a kan abin kunnen matarsa? Duk guguwar da ta sake mu, duk dutsen da muka gifta ba mu taɓa ba, ashe ni ce a ƙasa ina riƙe da sanda ban sani ba.

Na haɗa shi da ɗan'uwansa, na saka su wuni guda, na zaga kasuwar kifi sau biyu ba abin da zan saya. Jiya na kai su wurin maƙerin zinariya na sayar. Kada ka ɗaure fuska, kunnuwan sun yi yaushi, kuma kai ne ka fara kashe wa jirgin nan gadona, ni ƙarasawa na yi. An sallami Lovre, abin da ya saura yana cikin ambulan ɗin nan, ka sayo famfo.

Sai dai Lovre ya rantse ba ya kafa sanda a kan rami wofi. Na waiga, sai ga zoben aurenka a ƙusar da ka rataye shi ranar da ka kwance inji. Yau da safe aka tsayar da sanda a kansa, ta miƙe kamar budurwa.

Saboda haka, hasken idona, in ka sayar da Lastavica da aurenka ka haɗa. Ka kuma gaya wa dillali akwai tsohuwa a ciki, ba ta fita, tana cin burodi da yawa.

Ka dawo ranar Asabar. Ɓaure ya nuna a tsibirin Lastovo, iska tana binmu, kofinka kuma ya kusa kashe ni.

Taka har teku ta ƙafe, kai ko bayan ta ƙafe ma, mu tura jirgin da hannu,

Jerka