Tantanin Idon Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baffa ta yi sauƙi har yana fita ƙofar gida, Goggo kuwa tana nan da surutunta.

Yaya, wata biyu ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na ɗauki biro. Goggo ta faɗa mini abin da ka ce: wai ni na bari aka taɓa idon Inna bayan rasuwarta don in burge mutanen wurin aikina, kuma wai me idon tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu zai tsinana wa wani. Maganar farko ta yi mini ciwo ƙwarai, har kuka na yi. Ta biyun kuwa aikina ne, bari in amsa maka.

Ka san a ɗakin ajiyar ido na asibiti nake aiki. A bayan fatar nan mai haske da ke gaban baƙin ido akwai wani tantani, ya fi na cikin albasa siranta nesa ba kusa ba. Saƙa ce ta zaruruwa ƙanana, a kansa kuma akwai ƙwayoyin da ke tsotse ruwa don kada gani ya yi hazo. In suka mutu, mutum sai ya riƙa ganin duniya dishi-dishi. Mu muke ɓare lafiyayyen daga idon mamaci a dasa wa mai rai. Da an ɓare shi sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Na matashi siriri ne, yana ƙanƙamewa tam, likita ya yi ta gumi kafin ya warware shi a cikin ido, wani lokacin ma ya yage. Amma tantanin nan kullum ƙara kauri yake da shekaru, saboda haka na tsoho ya fi ƙwari, ya fi sauƙin buɗewa. Wallahi likitocinmu na tsofaffi suke roƙo.

Wannan bayanin na taɓa yi wa Inna muna tsintar shinkafa, ban san ta riƙe ba. Ta yi dariya ta ce ashe akwai inda tsufa ke da kasuwa. Bayan mako guda ta sa ni a gaba sai na kawo mata takardar da ake cikewa ta bayar da kyautar ido bayan rasuwa. Na ce ta bari a yi shawara da kai, ta ce idon nata ne ko naka? Ta tambayi malaminsu, ta sa hannu da kanta. Laifina shi ne ban gaya maka ba, tsoron faɗanka na ji. Wannan kam na amsa, ka yafe mini.

Ranar da za a ɓare tantanin Inna ban iya shiga ɗakin aikin ba. Abokiyar aikina da muke kira Hannun Auduga ita ta ɓare shi, ni ina zaune a baranda. Daga baya likita ya ce mata bai taɓa samun wanda ya buɗe masa salin-alin kamar wannan ba. Na yi dariya da hawaye, na ce to, yau dai Inna ta yarda da maganar wani ba gardama.

Ba a faɗa mana sunan wanda aka dasa wa. Makon jiya dai takarda ta zo ta hannun asibiti, daga wani mai gyaran agogo. Ya ce ya koma kan teburinsa, kuma kullum yana yi wa mai idon addu'a duk da bai san ko wace ce ba. Ga takardar nan na haɗo maka, kai ne babba, a wurinka ya kamata ta zauna.

Ka gaishe da Anti, da Babban Mutum, da takwarar Inna. Baffa da Goggo suna gaisuwa. Lambata ba ta canza ba, Yaya. Ko faɗan ne ka kira ka yi mini, yanzu ba ni da mai yi mini sai kai.

Ƙanwarka,
Auta