Nura ya yi wa fim ɗinka dariya

Zuwa ga Yaya Sani, Allah Ya haskaka makwancinka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙani ga wansa, ina rubuto maka daga Kuala Lumpur, inda nake tsufa a layin 'yan yadi ina yi wa mutanen Kano sayayya. Na san ba za ka karanta ba. Masu karantawa su yi haƙuri, ba ni da wanda zan kai wa wannan ƙarar sai kai.

Maganar ɗanka Nura ce. Tun ranar da mahaifiyarsa ta turo shi karatu ta ce da ni, "Baffansa, amana ce," hankalina bai sake kwanciya ba.

Ka tuna zamanin da kake sharhin majigi? Motar gwamnati ta tsaya a filin makaranta bayan magariba, a ɗaura farin ƙyalle, ka riƙe lasifika kana fassara wa jama'a maganar Bature. Ka tuna fim ɗin nan na wiwi? Saurayi ya yi zuƙa ɗaya, idanu suka firfito, ya tuɓe riga, ya diro daga bene. Kai kuma kana ƙara abin da Baturen bai faɗa ba: "Jama'a ku duba ɗan mutane! Da safe akawu, da yamma mahaukaci tuburan!" Mata suna ta salati.

Ni kuwa da na zagaya bayan mota, sai ga direbanku Ɗanladi yana busa tasa hankali kwance, ko hula bai cire ba. Da na gaya maka, ka murɗe min kunne ka ce, "Rufe bakinka. In tsoro zai ceci wani, bar shi ya yi aikinsa."

To Yaya, tsoron ya daina aiki.

Kwanakin baya na ji warin abin a rigar Nura. Na rasa ta inda zan fara, sai na lalubo irin wancan fim a waya, na kai shi shagon mamak, wato wurin mai shayi na Indiyawa, a unguwar Brickfields, na sai masa roti da shayi, na kunna. Har muryarka na kwaikwaya. Yaron nan ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, har da "lah" ɗin da 'yan ƙasar nan ke liƙa wa ƙarshen magana: "Baffa, wannan ai comedy ne lah! Don Allah turo min, guys za su mutu." Yanzu da fim ɗin shi da abokansa suke tsokanar juna.

Ban ga laifinsa ba, fim ɗin ƙarya ne. Kai ma ban ga naka ba, aikin da aka ba ka ka yi, da zuciya ɗaya. Amma ƙaryar ta cinye min gaskiyar da nake da ita. A ƙasar nan ba a jira mutum ya haukace. 'Yan sanda su dira gidan ɗalibai, a miƙa wa kowa 'yar kwalba ya yi fitsari, shi ke nan. Sai kurkuku, wani har da bulala, sannan a kora shi gida ba takardar karatu. Ɗanladi ya tsufa da hankalinsa, haka ne, amma a Kano ya tsufa, kuma ba baƙo ba ne. Duk na faɗa wa Nura. Irin kallon da ya yi wa fim ɗin, shi ya yi min.

Makon jiya 'yan sanda sun tafi da Bulus, wani ɗan Jos da suke ɗaki ɗaya da Nura. Nura yana aji lokacin, abin da ya raba su ke nan. Tun ranar, duk lambar da ban sani ba ta kira, sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Ranar Asabar zan je duba Bulus inda ake tsare da shi. Na aika wa Nura cewa ya same ni a tashar jirgin ƙasa mu tafi tare. Ba ƙyalle, ba lasifika, ni ma ba zan ce komai ba. Ya zauna ya kalli abokinsa ta bayan gilashi. Waya ta nuna ya ga saƙon. Har yanzu bai amsa ba.

Yayana, dariyarka gare shi, har yadda kake dafe ciki. Shi ya sa na kasa yi masa tsawa.

Allah Ya gafarta maka abin da ka ƙara a lasifika, Ya ba ka ladan niyyarka. Allah Ya tsare min yaron nan, Ya sa in same shi a tashar jirgin ƙasa ranar Asabar.

Ƙaninka da ka bar wa riƙo,
Habibu