Rasuwar Dakta Pyo Hye-ok da Binciken da Ta Bari a Kan Teburinta

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Jagororin Bincike ta Ɗakunan Karatu na Jami'o'in Kudancin Gyeongsang, a madadin Mai Girma Shugabanta, Farfesa Maeng Tae-sik, da Majalisar Dattawanta da ɗaukacin 'ya'yanta, take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Mataimakiyar Shugabanta kuma Babbar Jagorar Bincike, Malama Dakta Pyo Hye-ok, wadda ta cika da safiyar Talata a birnin Jinju bayan jinyar kwana tara, tana da shekara hamsin da takwas a duniya. Ta bar maigidanta, Malam Yeom Jae-man, da 'yarsu ɗaya, Su-bin, da tarin malamai da ɗalibai waɗanda har yau ba su san wa za su tambaya ba.

Marigayiyar ta kama wannan aiki shekara talatin da ɗaya da suka wuce, shekara biyu cur bayan mai sa hannu a wannan takarda, shi ya sa har ta koma ga Mahaliccinta Yaya take ce mini, kuma ni na nuna mata inda ake rataye riga ranar da ta fara zuwa. Aikinmu shi ne mai bincike ya kawo mana tambayarsa, mu tsara masa inda zai nema da yadda zai nema. Yawancinmu da an kawo tambaya sai mu garzaya kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ita kuwa takan yi kwana uku ba ta taɓa na'urar ba. Sai ta shimfiɗa farar takarda, ta rubuta tambayar a tsakiya, ta jera a kewaye duk wani fannin ilimi da abin zai iya damunsa, sannan ta ɗauki tirenta ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin cin abinci, yau tana cin shinkafa da likitoci, gobe da injiniyoyi, jibi da masana tarihi, tana tambayarsu me suke kiran abin a wajensu, ina suke buga sakamakonsu, kuma wanne ne suke bari a aljihun tebur ba su buga ba. Wasu daga cikinmu sun kira wannan yawon cin abinci. Ni na raɗa masa sunan.

Ƙungiya ba za ta manta da shekarar da tari ya addabi manoman da ke noman kayan lambu a cikin rumfunan leda ba, lokacin da wani jami'inta mai daɗaɗɗiyar gogewa ya shafe wata biyu yana tone rumbunan mujallun likitanci, ya kuma rubuta da hannunsa cewa babu wanda ya taɓa nazarin matsalar. Cikin kwana goma sha ɗaya marigayiyar ta fito da rahotanni bakwai daga ma'ajiyar injiniyoyin gona, waɗanda suka auna hayaƙin murhun ɗumama rumfunan tun da daɗewa, ba tare da wani likita ya leƙa ba. Jami'in nan ni ne. An buga littafi a kan aikin, an gode mata a shafi na biyu, ni kuma na karanta shi har bangon baya ina neman sunana. Tun daga ranar farfesoshi sukan leƙo ofishinmu, su same ni zaune ba na komai, su rusuna cikin ladabi su ce, “Malama Pyo ta fita? Ba komai, zan jira.”

Gaskiya ta wajaba a saƙo irin wannan, don haka Ƙungiya take shaidawa cewa marigayiyar ba ta taɓa yin rowar iliminta ba. Wata rana da rana tsaka ta jawo kujera kusa da tata, ta ce, “Yaya Seok, zo mana in nuna maka yadda nake zana abin nan, ko shayinka ba zai huce ba mun gama.” Ƙananan ma'aikata uku suna wurin suna kallo. Na ce, “Ke za ki koya mini? Ki bari sai kin kamo ni a shekaru tukuna.” Ta yi dariya ta ce, “To ai sai ka tsaya ka jira ni.” Ba ta sake yi mini tayin ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, domin a gidan aiki irin namu wanda ya riga shigowa ba ya zama a gefen na bayansa yana ɗaukar darasi. Na yi kishinta shekara ashirin da tara, kuma na ga babu amfanin ɓoye wa mutanen da suka riga suka sani.

A kwana ukun zaman makoki, furannin ta'aziyya sun cika baranda har sun sauka matattakala. Na ƙirga su, sittin da huɗu ne, kuma na kama kaina ina lissafin nawa za a kawo ranar tawa. A can ne Malam Ok Man-bok, shugaban masu kiwon kifi na wani ƙauye a gaɓar tekun Tongyeong, ana cikin cin abinci ya ajiye cokalinsa ya ce wa Mai Girma Shugaba, “Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan kifinmu yana mutuwa da an shiga zafi. Ta ce kafin mu zuba sababbi za ta gaya mana inda amsar take. Yanzu wa zai duba mana?” Shugaba ya nuna ni ya ce, “Ga babban yayanta nan, shi ya riga ta fara aikin.” Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Shi ma ya iya?”

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Malam Yeom Jae-man da Su-bin da dukkan dangin Pyo da na Yeom, tana roƙon Allah Ya sanyaya zukatansu, Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya sa aikin da ta yi wa mutane ya bi ta da alheri. Tana kuma tabbatar wa gidaje arba'in da biyu na masu kiwon kifi cewa alkawarin marigayiyar yana nan, kuma Majalisar Dattawa ta ɗora shi a wuyana.

Saura mako biyar su zuba kifin. Takardar da ta zana a kan mutuwar kifin tana kan teburina, da tambayar a tsakiya da fannoni tara a kewaye. Na gane dalilin shida. Ban san me ya kai ta ga masu gina gadoji ba, ko ga littattafan tsofaffin haikalai, ko ga likitocin fata, kuma na yi kwana huɗu ina kallon layukan da ta ja a tsakaninsu.

Saboda haka, da izinin Mai Girma Shugaba, ina kira ga duk wani ɗan Ƙungiya da ya taɓa zama a gefenta ya koya, ko bara ya fara aiki, da ya zo ofishina ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Kujerar bayan tebur tasa ce. Ni zan zauna a gefe da alƙalami, kuma ni zan zuba masa shayi da hannu biyu, yadda ƙarami yake yi wa babba.

Sa hannu:
Malam Seok Dong-gil
Kakakin Ƙungiyar Jagororin Bincike ta Ɗakunan Karatu na Jami'o'in Kudancin Gyeongsang
Jinju