Shara a Faifan C

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a wannan dajin naku da ko layin waya bai san hanyarsa ba. Mama na gaishe ka, ta ce ka daina wasa da cin abinci.

Kwamfutar da ka bar mini ta fara nishi. Faifan C ya cika har ya yi ja, da na ce ta haɗa manhajar aikina na kammala karatu sai ta tsaya cak, ta ce babu wuri. Ga faifan D can a zaune, rabinsa fanko. Na yanke shawarar kwashe kayan rubuta manhaja gaba ɗaya in mayar da su D, in kuma nuna wa kwamfutar ta riƙa zuba fayilolinta na wucin-gadi a can. Ita kuwa tsohuwar foldar wucin-gadin, gig arba'in na tarar a ciki. Kai dai ko a kwamfuta ba ka shara, kamar ɗakinka. Ran Asabar zan share ta. In da magana, ka ba direbanku amsa ran Juma'a.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka. Ki mayar da kayan duk inda kike so, amma don Allah kada ki taɓa tsohuwar foldar nan.

Kin tuna kwana ukun da na yi ina ɗaukar muryar Baba a asibiti, yana ba da labarin ƙuruciyarsa da yadda ya haɗu da Mama? Da aka sace wayata na ce muku kada ku damu, na adana kwafi a wuri mai kyau. Ban faɗi gaskiya ba. A lokacin ina gwada wata manhajar tace sauti, sai na jefa fayilolin cikin foldar wucin-gadi, a wata ƙaramar folda mai suna "gwaji2", da nufin in kwashe su washegari. Washegarin kuwa Baba ya rasu. Shekara biyu ke nan na kasa buɗe wurin. Duk sanda Mama ta tambaya sai in ce ina kan gyara sautin.

Fayil goma sha ɗaya ne, kuma babu su a ko'ina sai nan. Ki rufa mini asiri.

Allah Ya yi miki albarka.
Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, amma ba zan ja gaisuwa ba. Motar direbanku ta lalace a hanya, wasiƙarka sai yau Litinin ta iso hannuna. Na share foldar tun ran Asabar da hantsi. Kuma irin sharewar da kai ka koya mini na yi, wadda ba ta bi ta kwandon shara.

A tsaye na karanta a bakin ƙofa. Na ga "gwaji2" ɗin da idona kafin in share, Yaya. Har dariya na yi, na ce ko ina ka jefar da gwaji na ɗaya. Wa ke ajiye muryar mahaifinsa a inda kwamfuta ke zubar da datti? Ina jin haushinka sosai, ina kuma jin haushin yatsana.

Nan take na zare wuta, na kwance faifan, na naɗe shi a mayafina na kai wa mai gyaran nan na bayan tasha. Ya ce abin da aka share yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Ya tambaye ni me na yi bayan sharewar. Na ce sau biyu na haɗa manhajata. Sai da ya dafe kai, sannan na tuna masa cewa na riga na juya komai zuwa D kafin nan. Ya ce to, wataƙila wannan ya rage ɓarna, amma kwana biyu kwamfutar na kunne, ba zai yi mini alkawari ba. Sai Alhamis.

Jiya Mama tana ninke kayan Baba ta sake tambayata ko ka gama gyaran sautin. Me zan ce mata?

Auta

*

Autata,

Na gaishe ki. Ba ki da laifi ko kaɗan, shara kika gani kika share. Kada ki ɗauki nauyin ƙaryata. Ga wasiƙa ta biyu a cikin ambulan, ta Mama ce, na faɗa mata komai. Ko an samu ko ba a samu ba, ki karanta mata. 

Ki yafe mini.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Fayil goma sun tafi. Ɗaya ya dawo, shi ma daƙiƙa arba'in na farkonsa kawai.

Na karanta wa Mama wasiƙarka, sai ta ce in kunna muryar. Baba ya yi tari, ya ce: "Abin naka ya fara ɗauka? To madalla. Amma ka adana shi da kyau, na san halinka."

Mama ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan ta juya fuskarta bango. Sau tara ta sa na maimaita mata.

Na ajiye shi wuri uku. Ta ce ka dawo gida, ragowar labarin ita za ta ba ka da bakinta, amma wannan karon ni zan ɗauka.

Ka huta lafiya.
Auta