Amshin da Hauwa ta kama

Daren Alhamis, Al Muntazah

Yau ƙanwata Hauwa ta faranta mini rai. Ranar Lahadi za ta yi jarrabawar sauraren Turanci, in ta faɗi tallafin karatunta ya tafi. Mako uku ke nan ina kunna mata fitattun waƙoƙin ƙungiyar Turawan nan masu jita da Baba ke ji a kaset a Zariya, don mawaƙinsu ba ya haɗiye kalmomi. Ɗazu da gangan na sa mata wadda aka ɗauka gaban 'yan kallo, ga ihu ga tafi.

"Haba Anti, wannan ai kasuwa ce!"

Duk da haka ta rubuta amshin, kalma biyu kawai ta kuskure. Ɗakin jarrabawa kuwa shiru ne. Za ta ci, in Allah Ya yarda.